Filin da Iliyasu Ya Bari a Ƙasan Shafi

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Malam Iliyasu na Makera, wanda 'yan masaƙa suka fi sani da Malam Japan, kuma ban taɓa rubuta masa ko layi ɗaya ba sai yau. Na so a ce da sanyin rai na zauna wannan rubutu, amma ba haka ba ne. Raina a ɓace yake tun ranar Asabar da ta wuce. Nura, babban ɗan marigayin, ya ce ranar Litinin mai zuwa zai kai littafin waƙoƙin mahaifinsa wurin masu buga littattafai, don a ƙaddamar da shi a taron tunawa. Na ga abin da za a buga. Idan ya fita a haka, jikokin Iliyasu za su tashi suna karanta surutun da kakansu bai taɓa yi ba, da sunansa a bangon littafin.

Ni sunana Bulus. Daga kudancin jihar nan na zo Kaduna ina saurayi, na sami aiki a wata masaƙa a Kakuri. Iliyasu daga can wajen Katsina ya zo. Aka haɗa mu layi ɗaya a ɗakin saƙa, injinsa na kallon nawa, muka yi fiye da shekara ashirin a haka. Ɗaki biyu ne tsakanin gidan hayarsa da nawa a Makera. Yana ce mini Fasto, ina ce masa Liman, alhali ni ko ajin Lahadi ban taɓa koyarwa ba, shi kuma in aka tura shi gaba ya ja salla sai ya ce muryarsa ta dushe. Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba ba zai gane irin ƙarar da ke ciki ba. Ba ka jin maganar wanda kafaɗarka ke taɓa tasa. Da hannu muke magana, in abin ya fi ƙarfin hannu sai a rubuta a bayan katin da ake ɗaura wa dilar yadi.

Shekarar da masaƙa ta sayo sababbin injuna daga Japan, aka zaɓi mutum huɗu su je can su koyo gyaransu. Uku suka dawo da rediyo da agogo. Iliyasu ya dawo da ɗabi'ar ƙirga yatsu. Sai ka gan shi tsaye gaban inji yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi. Foman ɗinmu ya ɗauka tasbihi yake yi, ya ƙyale shi. Ni kaɗai na matsa masa da tambaya, har wata rana lokacin hutun rana, a bencin Maman Talatu mai abinci, ya gaya mini. Wani tsohon bakanike ne a masaƙar da suka je ya koya masa irin gajeriyar waƙar mutanen can, wadda suke kira haiku.

Ga yadda ya shimfiɗa mini ƙa'idojinta, kuma ina roƙon Nura ya karanta wannan wuri sau biyu. Layi uku ce. Na farko gaɓa biyar, na tsakiya bakwai, na ƙarshe biyar. Dole a sami kalma ɗaya da za ta gaya wa mai karatu wane lokaci ne na shekara, ba tare da an tsaya bayani ba. Sannan a ajiye abu biyu kusa da juna, a yanke magana a tsakaninsu, kada a faɗi abin da ya haɗa su. Ba a neman amsa-amo. Ba a yabon kowa, ba a wa'azi, kuma mai waƙar ba ya buɗe baki ya ce yana baƙin ciki ko yana murna. Ya nuna abin da ya gani, ya yi shiru.

Na ce masa, "Liman, to ina waƙar take? Wannan ai ko sallama ba ta kai ba."

Ya ce, "Sallamar ce ai, Fasto."

Daga nan ya gaya mini wata ƙa'ida guda da ta rage. Zan zo kanta, don ita ce ta ɗaure mini baki ranar Asabar.

Washegari ina cikin aiki ya miƙo mini kati ta saman inji. Damina ce, mata sun jera kaskon gashi a bakin titi. Abin da ke jikin katin shi ne:

Ƙofar masaƙa,
masara na kan wuta,
an busa tashi.

Na karanta, na yi dariya, na soke katin a aljihu. Amma a ranar, da muka fito, da ƙamshin masarar ya doki hancina daidai lokacin da jiniya ke kuka, sai na ji kamar ban taɓa ganin ƙofar nan ba. Ban gaya masa ba. Girman kai na samartaka bai bar ni ba. Daga ranar kati ya yi ta zuwa, wani lokaci biyu a wata, wani lokaci a yi wata uku shiru. Yakan kwafe kowace waƙa a wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a gida, ni kuma ina jefa katunan a gwangwanin biskit.

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne kalmar lokaci. Ya ce mutanen Japan suna da littafi guda na irin waɗannan kalmomi, kowa ya san furen kaza na lokaci kaza ne, tsuntsun kaza na lokaci kaza. Mu ba mu da ƙanƙara, ba mu da furanninsu. Sai ya zauna ya haɗa wa Kaduna nata a bayan littafinsa. Ɗanyen mangwaro da ruwan farko na bazara ne. Gasasshiyar masara da cikar kogi na damina. Sabuwar doya da soyayyar fara na kaka. Agwaluma da rake na rani. Mun taɓa yin musu na mako guda a kan Kirsimeti da Salla. Ya yanke hukunci cewa Kirsimeti za ta shiga, Salla ba za ta shiga ba. Ya ce, "Taku a zaune take wuri ɗaya, Fasto. Tamu yawo take yi, bana a damina, in an jima a rani. Ba za ta gaya wa kowa lokaci ba." Mutumin da ya ƙi saka Sallarsa a waƙa don kada ya karya ƙa'ida, shi ne yau ake cewa bai san yadda ake ƙarasa waƙa ba.

Sai masaƙa ta rufe. Ba zan tsaya ba da wannan labari ba, duk ɗan Kakuri ya san yadda aka yi. Bayan haka gari ya yi ta rikicewa, mutane suka fara duba sunan maƙwabci kafin su kama haya. Matata ta ce ba za ta ƙara kwana da fargaba ba, muka kwashe zuwa unguwar Romi. Iliyasu ya zauna a Makera yana gyaran keken ɗinki. Tsakaninmu ba nisa, bas ɗaya ce, amma ziyara ta koma ta biki da ta gaisuwar mutuwa. Katin dai bai daina zuwa ba. Ashe ya kwaso damin katunan dila ranar da aka sallame mu. Wani direban bas maƙwabcinsa yake ba wa, ya ajiye mini a shagon matata. Cikinsu akwai wannan:

Ƙofar masaƙa,
ciyawa ta kai ƙugu,
akuya biyu.

Duk abin da aka rubuta a jaridu kan mutuwar masaƙun garin nan, ban ga wanda ya taɓa ni kamar wannan ba.

To, ranar Asabar Nura ya kira ni gidansa a unguwar Nasarawa. Nura mutumin kirki ne, a hannuna ya girma, yau ga shi magidanci da furfura a gemu. Na tarar da dattawa uku na kwamitin tsofaffin ma'aikata, da wani Malam Shehu, malamin makaranta mai rubuta waƙoƙin taro. Aka kawo lemo. Nura ya ce ni suke so in rubuta gabatarwar littafin, tun da ni ne aminin Baba. Sai ya miƙo mini takardu masu kauri, ya ce Malam Shehu ya yi wata huɗu yana ƙarasa waƙoƙin da Baba ya fara bai gama ba. Na buɗe, na faɗa kan akuyoyin. Ga abin da aka mayar da su:

Ƙofar masaƙa abin tausayi ne,
Ciyawa har ƙugu abin takaici ne,
Akuya biyun nan kuwa misali ne,
Na talaka da mai mulki, ku gane.

Haka ta ci gaba har baiti ashirin da biyu. An buɗe ta da doguwar addu'a, an rufe da sunan marigayi da na kakanninsa, a tsakiya kuma an saƙala baiti uku na yabon Alhajin da zai zama babban mai ƙaddamarwa. Akuyoyin nan na san su. Na Maman Talatu ne, ɗaya ja ɗaya mai baƙin kunne, ta koma kiwo bayan da masu cin abincinta suka watse. Ba misalin kowa ba ne. Iliyasu ya tsaya a inda dubban mutane ke fitowa da an busa tashi, ya ga akuya biyu, ya rubuta akuya biyu. Wanda bai ji zafin wannan ba, baiti ɗari ma ba za su jiyar da shi ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na raina doguwar waƙarmu ta Hausa, da buɗewarta da amsa-amonta da rufewarta. Iliyasu kansa ya haddace da yawa, yana rera su in yana gyaran inji. Kuma bai taɓa ɗaukar biro bai yi bisimilla da bakinsa ba, na sha gani. Amma ya san bambancin abu biyu, ya zaɓi ɗaya da gangan. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda mutum biyar suka zauna suka yanke cewa duk abin da yake gajere to bai cika ba, duk wanda ya yi shiru to bai iya magana ba. Sun ɗauki ma'aikacin masaƙa a matsayin wanda ya yi iya ƙoƙarinsa, sai mai ilimi ya zo ya rufa masa asiri. Malam Shehu har da ce mini, cikin ladabi, ai marigayi yana da basira, karatun ne bai yi nisa ba. Mutumin da yakan yi kwana goma yana neman kalma mai gaɓa biyu, ya ƙi mai uku, shi ake wa wannan alfarma.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Kadunar yau. Bishiyoyin mangwaron layinmu na Makera an sare su an jera shaguna. Masara kuwa yanzu ko da rani ana gasawa, ta noman ban-ruwa, don haka ina jin da tuni ya soke ta daga jerin damina yana tsaki. Ruwan farko ya daina zuwa lokacin da muka saba. Rufin ɗakin saƙarmu an kwashe, bishiya ta fito a inda injinsa yake. Jikokina da nasa suna gari ɗaya, ba su san sunan juna ba. Kowa yana da waya, kowa yana rubutu daga safe har yamma, kuma ban ga mai tsayawa ya kalli abu ɗaya har ya gan shi ba. Amma na san shi. Ba zai yi wannan dogon ƙorafi da nake yi ba. Zai lanƙwasa yatsu, ya miƙo kati, ni ne zan yi ta huci.

Na faɗi kusan duk wannan a falon Nura, da murya sama da yadda ya kamata dattijo ya yi a gidan mutane. Nura ya bari na gama. Sannan ya shiga ciki ya ɗauko littafin mai baƙin bango, ya buɗe a gabana.

Ya ce, "Baba Bulus, ka yi haƙuri, ba musu nake yi da kai ba. Amma duba nan. Kowane shafi layi uku ne, sai ya ja layi biyu da rula a ƙasa, ya bar su ba komai. Tun daga farko har ƙarshe haka yake. In da ya gama, filin nan na mene ne? Wallahi in ka gaya mini, zan tsayar da aikin."

Na kalli layukan nan biyu. Dattawan kwamiti suna kallona, Malam Shehu yana kallona. Na ce ba a koya wa babba yadda zai san abokinsa, na ɗauki hulata na fita. Har na hau bas ina faɗa wa kaina cewa fushi ne ya fitar da ni. Kunya ce, Nura. Ga amsar tambayarka, tun da na kasa ba ka ita ido da ido.

Ƙa'idar da ta rage, wadda ya gaya mini a bencin Maman Talatu, ita ce wannan. A asalin al'adar mutanen can, layi ukun nan ba su kaɗai suke tsayawa ba. Baƙo ne yake yin su in ya zo gidan aboki, a matsayin sallama. Mai gida kuma sai ya amsa da layi biyu, gaɓa bakwai bakwai. Ba zai yi bayanin abin da baƙon ya faɗa ba, ba zai maimaita ba, sai dai ya karɓa ya ɗan juya shi. Tsohon bakaniken nan da abokansa haka suke yi ranar hutu, wannan ya ba da uku, wancan ya ba da biyu. Iliyasu ya ce mini, "Ni ne baƙon, kai ne mai gida." Kowane kati da ya taɓa miƙo mini yana da layi biyu da aka ja da rula a ƙasa. Suna nan a gwangwani, na ƙirga su da na dawo daga gidanka, ɗari da sha tara. Ban cike ko ɗaya ba. Farko na ce ni ba mawaƙi ba ne. Daga baya na ce sai na sami natsuwa. Sau ɗaya tak ya taɓa yi mini maganar, ya ce, "Fasto, sallama nake ta yi fa." Na mayar da abin wasa.

Kati na ƙarshe ya zo ranar wata Laraba cikin marka. Direban ya gaya wa matata cewa Malam yana kwance, jikin ya yi tsanani. Rubutun ya karkace, amma gaɓoɓin sun cika cif:

Kogi ya cika,
balbela guda ɗaya
ta nufi Romi.

Ya taɓa gaya mini cewa masu wannan waƙa a can sukan yi ta ƙarshe in sun ji tafiya ta zo. Na san haka, na kuma gane abin da nake riƙe da shi. Amma ana ruwa, ina da ɗan aikin gyaran rufi a hannu, sai na ce wa matata zan je ranar Lahadi bayan an tashi coci. Ya cika ranar Juma'a da hantsi. Kafin labari ya iso Romi an yi masa salla an kai shi. Ni da na yi shekara ashirin ina kallon fuskarsa ta saman inji, tabarmar zaman makoki na tarar.

Don haka kana da gaskiya, Nura, akwai abin da ba a ƙarasa ba a littafin nan. Amma ba mahaifinka ne ya bar aiki a rabi ba. Ya gama nasa tsaf, sau ɗari da sha tara. Filin nan nawa ne, kuma ba na Malam Shehu ba ne, ba na kwamiti ba, ba na Alhajin ƙaddamarwa ba. Fushin da na yi a falonka rabinsa naku ne, kuma ban janye shi ba. Ɗaya rabin na shekara goma sha biyu ne, ban sami wanda zan sauke wa ba sai ku.

Abin da ya rage na Iliyasu ba shi da yawa. Masaƙar ta tafi, mangwaron ya tafi, mutanen da suka san dalilin da ya sa ake ce masa Malam Japan sun kusa ƙarewa. Saura littafi mai baƙin bango da gwangwanin biskit, da kuma cewa har yau ba na iya wuce mai gasa masara ban tsaya ba. Ina roƙonka ka buga shi yadda ya bar shi. Layi uku, da layi biyu fayau a ƙasa, a kowane shafi. In Malam Shehu yana son waƙoƙinsa su fita, ya sa sunansa a kansu, ni zan fara saye. Duk mai karatun da ya tambayi filin na mene ne, ka ce masa na wani mutumin Romi ne da aka yi ta yi wa sallama.

Shafin ƙarshe kaɗai nake neman izinin taɓawa. Kwana uku ina lanƙwasa yatsu, har matata ta tambaya ko hannun ne ke ciwo. Ba su yi kyau kamar nasa ba, amma bakwai bakwai ne, ka ƙirga. A sa su a ƙarƙashin balbelar:

Ta same ni a gida,
na ce sai ran Lahadi.